Shari'ar Musa da Hukuncin Kirista: Kafin Ka Ɗauki Dutse

Nassin Nazari: Maimaitawar Shari'a 19:15-21, Yahaya 7:45-52

Gabatarwa

Ba mu manta da ranar 12 ga Mayu 2022 ba, ranar da taron jama'a ya kashe wata ɗaliba 'yar Tungan Magajiya ta ƙasar Rijau a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, bisa zargin saɓo, ba tare da alƙali ya saurare ta ba. Haka kuma a watan Maris 2025 aka ƙone mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, bisa zargin satar mutane. A nan ƙasar Kontagora, inda 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Mariga da Magama da Rijau, kalmar “infoma” kaɗai ta isa ta sa mutum ya rasa ransa. Me Allah ya koya wa jama'arsa tun farko game da yanke hukunci?

Shaidu da bincike

Attaura ba ta yarda a hukunta mutum bisa bakin mutum ɗaya ba, dole a sami shaidu biyu ko uku (M.Sh. 19:15). Alƙalai su bincika sosai, in kuwa aka kama mai shaida da ƙarya, hukuncin da ya nema wa ɗan'uwansa shi za a yi masa. Shaidun ne kuma za su fara jifa da hannunsu (17:7), domin kada wani ya kunna wuta ya ɓuya a bayan taro. Fitowa 23:2 ta hana bin taro zuwa ga mugunta, Littafin Firistoci 24:22 kuwa ya sa baƙo da ɗan ƙasa ƙarƙashin doka ɗaya.

Malaman Yahudawa sun ɗauki wannan da nauyi ƙwarai. A cikin Mishna, wadda aka tattara wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, shari'ar rai sai da alƙalai 23. Ana iya sakin mutum ranar da aka saurare shi, amma hukuncin kisa sai an kwana a kansa.

Biranen mafaka

Allah ya san zafin zuciyar wanda aka kashe wa ɗan'uwa. Saboda haka ya keɓe birane shida, wato Kedesh, Shekem, Hebron, Bezer, Ramot da Golan, inda wanda ya yi kisa ba da gangan ba zai gudu har ya tsaya gaban taron jama'a (Littafin Ƙidaya 35; Joshuwa 20). Mafaka ba ta wanke mai laifi, tana dai tsare ransa har gaskiya ta fito. Ga kuma M.Sh. 24:16, wadda ta hana kashe ɗa saboda laifin ubansa. Wanda ya ƙone ruga ko unguwa domin laifin mutum ɗaya ya karya wannan doka, ko da sunansa Bitrus ne.

Sabon Alkawari bai rushe ta ba

Sa'ad da shugabanni suka ƙulla wa Yesu, Nikodimu ya tunashe su cewa dokarsu ba ta hukunta mutum sai an ji daga bakinsa (Yahaya 7:51). Ubangiji da kansa ya ɗauki ƙa'idar shaidu biyu ko uku ya ba ikilisiya a Matiyu 18:15-17, Bulus kuma ya maimaita ta ga Timoti game da ƙarar da aka kawo a kan dattijo (1 Timoti 5:19). Mu tuna cewa shaidun ƙarya ne suka hallaka Nabot, su ne kuma aka kawo a kan Yesu da Istifanas. Mabiyin wanda aka zalunta haka bai kamata a gan shi cikin masu jifa ba.

Wasu sukan fake da Matiyu 7:1 su ce babu ruwan Kirista da hukunci. Amma a aya ta 5 Yesu ya umarta mu fara gyara kanmu, sa'an nan mu taimaki ɗan'uwa. Ramuwa ta Allah ce (Romawa 12:19), hukunta mai laifi kuwa aikin hukuma ne (13:4). Don haka neman haƙƙin waɗanda aka kashe mana a gaban kotu aikin bangaskiya ne, tsare wanda ake zargi daga hannun taro shi ma haka.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Kafin dattawa su sa mutum ƙarƙashin horo, sukan saurare shi gaba da gaba da mai ƙararsa?
2. Labarin da ka tura ta WhatsApp a kan wani, za ka iya tsayawa ka shaida shi?
3. In aka biyo wani da ba Kirista ba zuwa ƙofarka ana kiransa infoma, me za ka yi?

Addu'a: Ya Ubangiji, Alƙalin dukan duniya, ka tsare harshenmu daga shaidar ƙarya, hannunmu kuma daga jinin marar laifi, cikin sunan Yesu. Amin.