Inda Saniyar Gaba Ta Sha Ruwa

Jama'a, wannan takarda ta masu jagorancin yara ce: malaman 'yan sikawut, shugabannin 'yan agaji, da duk mai kwasar samari zuwa daji saboda Allah, don ya buɗe musu ido. Aikinku abin yabo ne, amma kyakkyawar niyya sai da sani take amfani.

Don me ake fara horar da shugaba?

Hausawa sun ce inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha. In malam ya yar da leda a gindin bishiya, yara talatin za su yar da tasu. Baden-Powell, mutumin Ingila da ya kafa sikawut, ya fara da yara wajen 20 a tsibirin Brownsea a 1907. Da abu ya bunƙasa, aka ga manya ma suna bukatar makaranta, sai aka buɗe horon shugabanni a Gilwell Park, kusa da Landan, a 1919. A can, a lokacin, akan raba manya rukuni-rukuni kamar yara, su kafa tanti da kansu, su yi girki, su kwana a fili. Wanda hayaƙin murhu bai taɓa shiga idonsa ba, ina zai koya wa yaro hura wuta?

A Amurka kuwa, da masu yawon daji suka yi yawa har suna ɓata wuraren da suka je gani, sai aka tsara ƙa'idoji bakwai masu suna Leave No Trace, wato kada ka bar sawu. An kafa ƙungiyar da ke yaɗa su a 1994. Ga su nan, kowane shugaba ya riƙe.

1. Shiri tun daga gida. A san hanya, a san inda ruwa yake, a nemi izinin mai gari ko ma'aikatan gandun daji.

2. A bi turbar da aka saba bi, a sauka a kan fako ko tsohon masauki. Kada a ratsa gonar mutane.

3. Shara da bayan gida. Duk abin da aka shiga da shi, a fito da shi, har ledar ruwa, domin akuya da saniya kan cinye ta, ta cushe musu tumbi. Mai zagayawa ya yi nisan taku 70 daga ruwa da hanya da masauki, ya haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, in ya gama ya binne. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, addini ya riga ya hana yin bayan gida a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa.

4. Abin da aka tarar, a bar shi. Ban da rubuta suna a jikin kuka ko dutse.

5. Wuta. Nan ne babban haɗari, musamman da hunturu, lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau, iska kuma na kaɗawa. A share kewayen murhu, a yi ƙaramar wuta da ƙiraren da suka faɗo da kansu. In an gama a kwarara ruwa, a motsa tokar, a sake zubawa, har sai hannu ya taɓa ta ya ji sanyi.

6. Namun daji sai kallo daga nesa. Wanda ya je Yankari a Jihar Bauchi ya ga yadda gwaggon biri ke fizgar abinci a wajen maɓulɓular ruwan Wikki. Dabbar da ta saba da abincin mutane ta zama fitina.

7. A girmama manomi da makiyayi da sauran baƙi, a rage hayaniya.

Yadda za a koyar

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gani ya kori ji. Shugaba ya haƙa ramin farko yara na kallo, sannan ya miƙa musu fartanya. Ranar tashi, a jera su kafaɗa da kafaɗa su ratsa masauki suna tsintar shara, malam na cikin sahu da buhunsa. In makiyayi ya biyo washegari bai gane inda kuka kwana ba, to, kun ci jarrabawa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.