Darasi na 17: Wanda Ya Gama Ɗauri Yana da Rabo a Zakka?

A cikin birnin Kano, kusa da gidan Sarki, akwai gidan yarin Kurmawa. An gina shi a 1910. An ɗaure mutane da yawa a ciki saboda wiwi da ƙwaya. A 1989 gwamnati ta kafa hukumar kama masu sha da masu sayar da kayan maye.

To, mutum ya gama ɗaurinsa. Ya komo unguwa ba jari, ba sana'a. Rumbunsa wayam. Iyalinsa suna jin yunwa. Shin za mu ba shi zakka?

A Amurka an yi doka a 1996. Ta ce wanda aka kama da babban laifin ƙwaya, a hana shi taimakon abinci har ya mutu. Daga baya jihohinsu kusan duka suka sassauta, ko suka janye. Sun ga yunwa ba ta gyara hali.

Mu kuwa mun san masu cin zakka iri 8 ne. Fakiri da miskini su ne a gaba. Ɗauri ba ya fitar da mutum daga cikinsu. Malamanmu na Malikiyya sun ce, wanda ake zaton zai kai zakka ga saɓo, kada a ba shi. Wanda ya tuba kuwa, a ba shi.

Saboda haka mu lura. In mun ga alamar tuba, mu ba shi. In muna shakka, mu auna hatsi mu kai wa matarsa da 'ya'yansa. Su ba su yi laifin kome ba. In yana iya ɗinki ko jima, mu haɗa shi da mai sana'a. In jikinsa bai saki ƙwaya ba, mu kai shi asibitin Dawanau.

Tun 2003 Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi. Mai unguwa ya san talakawansa. Mu gaya masa, kada a manta da wannan gida ranar rabo.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Tambayoyi
1. Masu cin zakka iri nawa ne?
2. Wa malamai suka ce kada a ba?
3. In muna shakka, wa za mu kai wa hatsi?