Motar Rimot a Yashin Maikujera: Me Ya Sa Take Ɗaukar Zafi Ta Tsaya?

Wani matashi daga Maikujera, a ƙaramar hukumar Rabah, ya turo min tambaya. Yayansa da ke aiki a ƙasar waje ya aiko masa da motar rimot mai batir, irin ƙaramar a-kori-kurar nan mai manyan tayu wadda ke zuwa gutsi-gutsi a kwali, mutum ya harhaɗa da kansa. Ya yi kwanaki yana ɗaurawa, ta tashi. Ga abin da ya ce: "Injiniya, motar ga gudu gare ta kamar ta tashi sama, amma ba ta minti biyar sai ta tsaya cik. In na taɓa injin sai ka ce garwashi. Yanzu kuma batir guda ya kumbura kamar fanke. Ko jabu anka aiko min?"

Ƙanena, kwantar da hankalinka, ba jabu ba ce. Motarka baƙuwa ce, kuma ka fitar da ita rana da kayan garinsu.

Wannan wasa ya girma ne a Japan da Amurka. Kamfanin Tamiya na Shizuwoka ya fitar da motar rimot ɗinsa ta farko a 1976, a 1979 ya kawo Rough Rider mai bin ƙasa, sannan Team Associated na Kalifoniya ya fito da RC10 a 1984. A 1985 hukumar IFMAR ta shirya gasar duniya ta farko ta irin waɗannan motoci masu batir a Del Mar, can Kalifoniya. Filayen tserensu ƙasa ce da ake daddaɓewa, a share, a yayyafa mata ruwa, wasu ma a cikin rufaffen zaure suke. Littafin da ya zo cikin kwalinka da irin wannan fili aka rubuta shi a rai.

Kai kuwa ina ka sa ta? A yashi mai laushi, wanda taya ke nutsewa a ciki tana haƙa. Masana ƙasa sun raɗa wa shimfiɗun duwatsun yankinku sunayen garuruwanku, akwai na Wurno, akwai na Taloka ta wajen Goronyo, kuma yawancinsu yashi ne mai laushi da garin ƙasa da ke marmashewa a hannu. Gudu a kansa kamar jan amalanke ne a rairayin gulbin Rima da rani: ƙarfi da yawa, tafiya kaɗan. Duk ƙarfin da ya ɓace a haƙan nan, zafi yake zama a cikin injin.

Yanzu yi wannan lissafi tare da ni. Masu wannan harka ba sa son injin ya wuce digiri 70 ko ɗan sama da haka, domin zafi na raunana maganaɗisun da ke ciki, kuma in ya raunana ba ya dawowa. Wanda ke wasa a garin da iska take digiri 22 yana da tazarar kusan digiri 48 kafin ya kai iyaka. Kai da ka fito a watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura 40, tazararka ba ta kai 30 ba, ga ƙasar da motar ke shafa ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. Tsayawar da take yi cik, na'urar daidaita wuta ce, ƙaramin akwatin nan da aka rubuta wa ESC, ke yanke wuta don kada ta ƙone. Gode mata.

Maganin farko yana cikin giya. Buɗe murfin da ke gefen injin, za ka ga ƙaramin giya na ƙarfe a bakin injin yana juya wani babba na roba. Ƙirga haƙoransu. A ce ƙaramin 20 ne, babban 84: injin na juyawa sau 4.2 kafin babban ya zagaya sau ɗaya. In ka sa mai haƙori 17, ya zama kusan sau 5. Ka sa mata giya mai ƙarfi ke nan, kamar yadda direban tifa ke yi in zai fito daga gulbi da lodin yashi. Gudun ƙoli zai ɗan ragu, amma injin zai numfasa. Ka riƙa rage haƙori biyu-biyu, ka yi minti uku, ka tsaya ka taɓa. In ba ka da ma'aunin zafi, yatsa ya isa: idan ba ka iya barinsa a jikin injin ka ƙirga uku a natse, ƙara ragewa.

Wajen mayar da giyan nan mutane ke yin ɓarna. In ka matse su da juna, injin zai wahala ya yi zafi. In ka saki da yawa, haƙoran roba za su zube. Yanki siririyar takardar littafi ka sa tsakaninsu, ka tura injin har ya danne ta, ka ɗaure sukurorin, sannan ka murza takardar ta fita. Ɗan motsin da ya rage tsakaninsu shi ake so. Daga nan ka cire injin daga lissafi, ka tura motar da hannu a kan siminti. In ba ta gangara sumul ba, akwai inda ka matse fiye da kima, galibi notin taya.

Ban so in ji ka ce za ka sayo injin da ya fi wannan gudu. A injuna masu burushi, wanda lambar naɗin wayarsa ta fi ƙanƙanta shi ya fi gudu, shi ya fi zafi. Mai naɗi 27 da ke zuwa cikin kwali da yawa ya ishe ka koyo. In kuɗi sun samu, marar burushi mai rufaffen jiki ya fi dacewa da mu, saboda ƙura ba ta samun ƙofa, kuma ka ɗora masa ƙaramar fanka. Ka huda ramuka biyu ko uku a gilashin gaba da bayan gangar jikin motar, iska ta ratsa.

Sai ƙura, wadda ta fi zafi wayo domin a hankali take ci. Hannun bakanike ya saba da shafa giris a duk abin da ke juyawa. A nan ka riƙe hannunka. Giris na cikin rufaffen akwatin giya kawai. Duk wanda ka shafa a waje, a sandunan da ke juya tayu ko a giyan nan biyu, zai kama yashi ya zama dutsen wasa wuƙa, ya cinye ƙarfen cikin mako. Idan kwalinka ya zo da zobban roba ko na tagulla a wurin boris, musanya su da boris na gaskiya, kuma ka nemi mai murfin roba, domin mai murfin ƙarfe ƙurar hunturu na shigarsa. Ƙananan ramukan da ke jikin wili ka toshe su da salatif, in ba haka ba taya za ta cika da yashi ta riƙa karkarwa. Bayan kowane wasa, burushin fenti busasshe, a share lungu-lungu, a zare ƙarangiya da zaren ciyawa da suka naɗe a gindin tayu. Ruwa kuwa a'a.

Batir ɗin da ya kumbura ya gama aiki. Kada ka sake cajinsa, kada ka huda shi wai iska ta fita, kada ka jefa shi a bola inda ake cinna wuta. Irin nan da aka rubuta wa LiPo in ya kama wuta ba ya jin lallashi, kuma gidajenmu ga zana, ga rumbu, ga kara. Saka shi a tukunyar ƙasa mai yashi, a fili, nesa da ɗaki, ka jona masa ƙaramin ƙwan fitilar babur ya zuƙe sauran wutar a hankali har ya mutu.

Abin da ya kumbura shi ɗaya ne cikin uku, ko duka: zafi, zuƙe shi ƙarƙaf, ko ajiye shi cike. Batir ɗinka ɗaki biyu ne, kowane ɗaki bolt 3.7, jimla 7.4. In ya cika, kowane ɗaki 4.2 ne, kada ya wuce. Kada kuma ya sauka ƙasa da 3.0, shi ya sa ake saita na'urar daidaita wuta ta yanke tun a wajen 3.3. In za ka yi kwanaki ba ka wasa ba, bar shi a 3.8, caja ta kirki tana da wannan saiti, kuma tana daidaita ɗakunan biyu ta ƙaramar wayar nan mai farin kai. Mai 5000mAh a caja shi da amfiya 5, kusan awa guda, kana zaune kusa, shi kuma yana cikin tukunyarsa. Kada ka caja shi da ɗuminsa daga fili, kada ka bar shi a ɗakin kwano da azahar. Galibin cajojin nan suna karɓar bolt 12, don haka batir ɗin solar gidanku ya fi ƙaramin janareta mai hawa da sauka aminci. Idan ƙannenka za su riƙa taɓa motar, ni da batir ɗin NiMH mai bolt 7.2 zan ba su: ya fi nauyi, bai kai wancan ƙarfi ba, amma yana yafe kuskure. Wayar da ta tsinke kuwa, mai gyaran waya na kasuwa zai sa maka dalma da kyau fiye da ƙulli da salatif.

Saitin ƙafafu ba zan tsawaita ba, domin sai injin ya daina suma ake maganarsa. Man shokozoba na silikon ne, yana da lamba. In littafin ya ce 30, gwada 35, saboda zafi na tsinka shi. Baƙin mai ba ya maye gurbinsa. Tsayin motar daga ƙasa, a fara daga inda sandunan tayun baya suka kwanta daidai. Saman tayu ya ɗan karkata ciki da digiri ɗaya ko biyu. A yashi, taya mai dogayen ƙuraje a warwatse. A ƙasa mai tauri, mai ƙanana a cunkushe. Ka manne taya da wili da sufa gulu zagaye, in ba haka ba wili zai riƙa juyawa a ciki. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a rubuta a littafi. Wanda ya taɓa abu huɗu tare bai san wanne ya gyara ba, bai san wanne ya ɓata ba.

Batun tsere, na san shi ne a ranka. Nemi fili mai tauri a bakin gari, kamar busasshiyar laka ta gefen fadama bayan an kwashe amfani, ko filin ƙwallon makaranta, da izinin mai shi. Kada neman fili ya kai ku cikin daji. A share tsidau da tsakuwa, a zana hanya mai faɗin taku uku da tsofaffin tayun babur, a sa kwana da yawa da tudu ɗaya ko biyu marasa tsawo, a yayyafa ruwa in da hali. Rimot na zamani mai 2.4GHz ba ya shiga na wani, don haka motoci da yawa na iya gudu tare. In ma mota ɗaya ce a garin, a yi da agogon waya: kowa minti biyar, kamar yadda ake yi a zagayen gasa da yawa, wanda ya fi yawan zagaye shi ya ci. Za ka ga mai danna wuta har ƙarshe yana kifewa a kowace kwana, yaron da ke tafiya a natse yana wuce shi. Tsakanin direba da direba a ba injin minti goma a inuwa.

Lokaci kuwa, da sassafe bayan an karya, ko bayan la'asar sakaliya. Na so in ce maka ka haƙura da ita gaba ɗaya a Afrilu da Mayu, amma na san wanda ya taso yana ƙera motar kara da ta gwangwani ba zai ji wannan ba. To, a waɗannan watanni ka ƙara cire haƙori ɗaya, ka rage zagayen zuwa minti huɗu, kuma ka rubuto min lambobin giyan da ka tsaya a kai.