Araha da Ƙarko: Darasi Daga Murhun Gas

A hutun da ya wuce na sauka wurin kawuna a Agege, cikin Ikko. Hausawa sun daɗe a wannan gari. Cinikin goro ne ya fara jawo su, musamman bayan hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911. Yanzu kuwa da yawansu suna sana'ar nama, gama babbar mayankar Oko-Oba tana nan kusa. Kawuna mai balangu ne. A wurinsa na samo darasin nan.

Da ya gaji da neman itace da gawayi, sai ya ƙudura ya sayi murhun gashi mai aiki da gas. Ya tarar da iri biyu wurin masu walda. Ɗaya babba ne, ya sha fenti, ga araha. Ɗayan ƙarami ne, ba shi da kyan gani, ga tsada. Ya ɗauki babban. Kafin damina biyu ta wuce gindinsa ya huje, ragarsa ta lanƙwashe. Ya ce mini, "Yaro, ni na cuci kaina. Fenti na saya, na bar ƙarfe."

To, me ya kamata mai saye ya duba?

Na fari, kaurin ƙarfe. Iskar Ikko tana da laima, gishiri da kitsen nama kuma suna ɗiga kullum, wuta tana cin fenti. Ƙarfe marar kauri ba ya jimre wa waɗannan, tsatsa takan cinye shi da wuri. Ka ɗaga murhun ka ji nauyinsa. Ka girgiza shi, in ƙafafunsa suna rawa, walda ba ta kama ba.

Na biyu, kan da wuta ke fitowa. Ka sa a kunna a gabanka. Harshen wuta mai kyau shuɗi ne, yana tashi daidai ta kowace kafa. In ya fito ja ko rawaya, watau iska ba ta gauraya da gas sosai ba. Irin wannan wuta takan bar kunkunniya a jikin nama, ta sha gas a banza.

Na uku, tiyo da makunnin da ke bisa tukunyar gas. Nan ne ba a neman rangwame ko kaɗan. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya sai ya kwanta ƙasa, ya taru a lungu yana jiran ashana. Mutanen Ikko ba su manta da gobarar gas ta Baruwa ba, a watan Oktoba 2020, wadda ta ci rayuka da gidaje. Ka shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo. In ka ga tana ɓulɓulowa, akwai kafa. Kada ka gwada da wuta.

Yanzu sai mu yi lissafi. A ce murhu na fari naira 40,000 ne, ya yi shekara 2. Ke nan kowace shekara ya ci 20,000. A ce na biyu naira 75,000 ne, ya yi shekara 5. Kowace shekara 15,000 ke nan. Wanne ne mai araha? Ba mu ma sa kuɗin gyara ba, da gas da ya ɓace, da kwanakin da mai nama ya zauna ba ciniki. Gaskiyar masu iya magana, araha ba ta ado.

Amma kada a ɗauka kowane abu mai tsada yana da kirki. Waɗansu murahu taya da ƙyalli ne suka ƙara musu kuɗi. Talaka kuma ba ya sayen abin da ya fi ƙarfin aljihunsa. In kuɗinka kaɗan ne, ka rage girma, ka haƙura da ado, ka sa kuɗin a kan ƙarfe da tiyo. Haka kawuna ya yi a karo na biyu.

Mu da za mu zama malamai, wannan abin koyarwa ne. Yaran da za mu tarar a aji 'ya'yan masu saye da sayarwa ne. In mun koya musu rabawa da irin wannan misali, za su kai shi gida. Ga tambayoyi don gwaji:

1. Fitila ta naira 6,000 ta yi wata 6, wata ta 10,000 ta yi wata 20. Nawa kowace ta ci a wata?
2. Don me ake gwada tiyo da kumfar sabulu?
3. Ku kawo abu uku na gidanku waɗanda araharsu ta zama hasara.