Kafin a Sauke Injin 504, a Duba Hayaƙinta

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, an kuma shafe shekaru ana harhaɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Waɗanda suka rage a hannun masu su yanzu sun zama kayan tarihi, amma mu makanikai muna yi musu ɓarna guda da ta zama ruwan dare: da zarar salansa ta fara hayaƙi, sai a ce ring ya mutu, a sauke inji. Sau da yawa ring ɗin lafiyarsa ƙalau. Launin hayaƙi da lokacin da yake fitowa sun isa su nuna inda ciwon yake tun ba a taɓa sifana ba.

Shuɗin hayaƙi alama ce ta baƙin mai yana shiga inda fetur ke ƙonewa, kuma ƙofa biyu yake bi. In motar ta kwana, aka tayar da ita da safe ta yi tururin shuɗi sannan ya ɗauke, ko ta yi shi bayan an gangaro tudu ba a taka totur ba, to man daga sama yake tsiyaya, ta robar bawul da ta bushe ko ramin bawul da ya ci. Wannan aikin top silinda ne kawai. In kuwa hayaƙin yana ƙaruwa ne lokacin da aka ba ta wuta ko tana hawan tudu da kaya, zargi ya koma kan ring da silibu. Ko a nan ma sai an gwada: a cire fulogi huɗun, a auna matsin kowace silinda. In ɗaya ta yi ƙasa da sauran fiye da kashi 10 cikin 100, a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake aunawa. Matsin ya tashi, ring ne. Bai motsa ba, a nemi bawul ko gasket. Kafin duk wannan ma a duba ko an cika mai ya wuce alama, ko bututun numfashin inji ya toshe, domin su ma suna kawo shuɗin hayaƙi, gyaransu kuwa bai kai kuɗin abincin rana ba.

Baƙin hayaƙi na fetur ne da ya yi wa iska yawa. Injin fetur yana son kusan awo 14.7 na iska a kan awo guda na fetur, kuma cok da ya maƙale, ko kafireta mai ambaliya, ko matatar iska da ƙurar hunturu ta cushe, duk suna ɓata wannan lissafi. Mutane sun fi raina shi saboda motar tana tafiya, alhali rarar fetur ɗin tana wanke man da ke jikin silinda tana sirka na cikin tukunya, har ta kashe ring ɗin da a da lafiya yake.

Farin da ke fita da sanyin safiya ya ɓace in inji ya ɗumama tururi ne, ba komai. Wanda ya ƙi ɗaukewa, ruwan lagireto na raguwa, sandar mai ta fito kamar shayi da madara, wannan ruwa ne ya sami hanya. A 504 akwai abin lura biyu. Top silindarta alminiyom ne, yana lanƙwashewa in motar ta yi zafi fiye da kima, don haka sabon gasket a kan top ɗin da ba a auna miƙewarsa ba asarar kuɗi ce. Sannan silibunta a cikin ruwa suke zaune, ana zare su. Wanda ya cire top ya juya inji ba tare da ya danne su ba, zai iya ɗaga su daga mazauninsu, ruwa ya koma sauka cikin mai ta ƙasa. Wani farin kuma na man birki ne da inji ke zuƙa ta bututun servo in mastar birki ta fara yoyo, ana gane shi in tulun man birki yana raguwa ba a ga ɗigo a ƙasa ba.

Wasu za su ce ai tsohuwar mota dole ta yi hayaƙi. Shekaru ba sa ƙona mai, lalacewar wani ƙarfe ko roba ce ke sa shi, kuma injin da aka haɗa daidai ba ya hayaƙi ko ya shekara 50. Wasu kuma na ganin gara a sauke gaba ɗaya a huta. Matsalar ita ce kayan 504 na asali sun yi wuya, sai a cire ring na kamfani mai sauran rai a sa na jabu, a bar robar bawul ɗin da ita ce mai laifin, motar ta dawo da hayaƙinta. Dabarar zuba mai mai kauri kuwa rufe ido ce: hayaƙin ya ragu, man ya riƙa jinkirin isa sama da safe, ciwon na nan yana ci.

Mai mota, kafin ka kai ta gareji ka sa wani ya tsaya bayanta kwana biyu ya lura maka da launin da lokacin fitarsa. Kada ka amince a kwance maka inji sai an nuna maka abin da ma'aunin matsi ya karanta a silinda huɗun.