Dimas da Markus

Akwai mutum biyu cikin abokan aikin Manzo Bulus waɗanda ba mu cika tsayawa a kansu ba, gama sunayensu a ƙarshen wasiƙu su ke, wurin gaisuwa, inda mai karatu ya kan yi gaggawa. Su ne Dimas da Markus. Cikin wasiƙar da Bulus ya rubuta wa Filimon daga kurkuku, aya 24, ya jera su tare da Aristarkus da Luka, ya kira su duka huɗu abokan aikinsa.

Da an tambaye mu a ran nan wanene cikinsu za ya kāsa, da Markus za mu nuna. Shi ne ya rabu da su Bulus a Bamfiliya tun tafiya ba ta yi nisa ba, ya koma Urushalima (Ayyukan Manzanni 13:13). Saboda shi kuma Bulus da Barnaba suka yi gardama mai zafi har suka raba hanya. Dimas kuwa ba wani aibi a kansa. Ga shi ma cikin Kolosiyawa 4:14 yana aika gaisuwa tare da Luka likita.

Amma mu buɗe wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti, 4:10. Bulus yana ɗaure, yana jiran mutuwa, sai ya ba da labari Dimas ya yashe shi ya tafi Tasalonika, domin zuciyarsa ta koma ga duniya. Mu lura da kyau. Ba a ce ya yi sata ba, ba a ce ya yi sujada ga gunki ba, ba a ma ce ya yi musun Ubangiji da bakinsa ba. Ƙaunarsa ce kaɗai ta ƙaura, ƙauna kuwa ba ta ƙaura dare ɗaya. Kamar gara ce cikin azara: ɗaki yana tsaye, mai shi yana kwana ciki hankali kwance, sai ran da ruwa mai ƙarfi ya sauko.

To, irin wannan faɗaka ba domin na waje aka rubuta ta ba, domin na ciki ne. Haka Bulus ya tuna wa Korantiyawa, cikin wasiƙa ta fari sura 10, da Isra'ilawa waɗanda dukansu suka ƙetare teku, dukansu suka ci manna, duk da haka jeji ya cinye yawancinsu. Cikin mayaƙa 603,550 da aka ƙidaya a Sina'i, Joshuwa da Kalibu kaɗai suka shiga ƙasar alkawari.

Mu 'yan makaranta, amincinmu a nan yana da araha. Ƙararrawa ta tashe mu, ƙararrawa ta kai mu sujada, malamai suna dubanmu. Ba a nan za mu auna kanmu ba. Mu tambayi kwanakin hutu: sau nawa muka buɗe Littafi Mai Tsarki sa'ad da ba mai tambaya? Kadan muna tunanin inda za a tura mu bayan mun gama, me ke fara zuwa zuciya, yaran da za mu koya wa, ko albashi da girman gari? Neman abinci ba laifi ba ne, Bulus kansa ya ɗinka alfarwa ya ci. Abin tambaya shi ne wanne ke gaba, wanne ke bi. Kuma kada kowa ya karanta wannan yana tunanin abokin ɗakinsa. Korantiyawa suna neman shaida a kan Bulus ne sa'ad da ya juya musu magana, ya umarce su su gwada kansu (2 Korantiyawa 13:5).

Wanda ya duba ya iske gara ta riga ta shiga, shi karanta aya ta gaba, wato 2 Timoti 4:11. A can Bulus ya roƙi Timoti ya taho da Markus, gama yana da amfani gare shi cikin hidima. Wanda aka ƙi tafiya da shi dā, shi a ke nema a kurkuku. Dimas kuwa, Littafi bai sāke ambatonsa ba.