Rage Ƙiba Ba Sai An Yi Gaba Da Gero Ba

Jama'a, wata dabarar rage ƙiba tana yawo a wayoyin salula. Wai mai son tumbinsa ya saɓe ya bar duk abinci mai sitaci da sukari, ya koma ga nama da ƙwai da ganye. Ba sabuwa ba ce, wani likitan Amurka, Robert Atkins, ya yayata ta tun 1972. Amma a ƙasar Gazawa da Agie da Gidan Rumji, inda ake wuni da fura a kwana da tuwo, duk wanda ya ce a bar sitaci ya ce a bar gero ke nan. Mu dai ragewa muke kira a yi, tare da sanin abin da za a fara ragewa.

Dabarar tana aiki, sai dai ba yadda ake zuzuta ta ba. Nauyin da ke zubewa a makon farko yawancinsa ruwa ne, domin sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa kamar ninkinsa uku. A 2018 jami'ar Stanford ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi wa mutum 609 na tsawon shekara guda. Waɗanda suka rage sitaci sun zubar da kimanin kilo 6, masu rage mai kuwa kilo 5 da ɗoriya. Ashe ke nan asirin yana ga rage yawan ci da jurewa a kai. To, wa zai jure shekara ba fura ba tuwo a Gazawa?

Saboda haka a fara da baƙin abinci. Manomin da ya wuni yana noma da hauya ba gero ke sa masa teɓa ba. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke zaune daga safe har la'asar, ga burodi da shayin da cokali ke kusan tsayawa a cikinsa, ga taliya da farar shinkafa da lemun kwalba, sannan a dama fura a zuba mata sukari, shi ne abin ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin yini, in ma da hali a tsaya wajen ƙaramin cokali 6. Kwalbar lemu ɗaya kan zarce haka. Bayan wannan sai a rage malmalar tuwo, a yawaita miya.

Wani zai ce nama da ƙwai sai mai hali. Gaskiya ne, amma wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da nono da fara suna gina jiki, kuma kwaɗon zogale ko na tafasa yana cika ciki ya daɗe. Wani kuma zai ce ƙiba alamar wadata ce. Sai ya leƙa asibitin Maraɗi ranar masu ciwon sukari da hawan jini, ya ga ko da wanda ke alfahari da ita.

Wannan magana ta manya ce masu nauyin da ya wuce kima. A jihar Maraɗi da ta ga yunwar 2005, wadda har yau take fama da tamowa, kada a taɓa rabon yara da masu ciki da masu shayarwa. Mai shan maganin ciwon sukari kuwa ya fara ganin likita, domin rage sitaci bisa magani yana iya kayar da sukarin jininsa har ya suma.